Numfashi na Huɗu

Ni ce na saka kyanwar, ban taɓa musu ba. Amma duk wanda aka haifa a Sibiriya ya san ba a tarewa a sabon gida sai kyanwa ta fara tsallake bakin ƙofa. Uwata ta yi, kakata ta yi. To ni Zinaida, don ina aiki da masu digiri, sai in bar mutum uku su shiga gida haka kawai kamar marasa iyaye?

Gidan kuwa ɗakin ƙarfe ne a ƙasan cibiyar bincikenmu, shekara goma sha ɗaya ana ƙera shi. Za a rufe mutum uku a ciki wata shida, ko iska ba za ta shiga ba. Alkama da aya da karas da suka shuka a ƙarƙashin fitilu su ne abincinsu, su ne kuma za su ba su iskar shaƙa. In ya yiwu a nan, wata rana zai yiwu a duniyar wata ko Mars. In kuwa aka buɗe ƙofar kafin wa'adi, ko na minti ɗaya, gwaji ya lalace, kuma manya sun ce ba za a sake ba mu dama ba.

Da safen ranar da za a rufe su na ɗauko Bulka, kyanwar ɗakin girki, na sake ta ta shiga. Tarho ya yi ƙara, na je na dawo, ban gan ta ba, na ce ai ta fita. Aka yi jawabai, aka ɗaure ƙofa.

Aikina zama gaban ma'aunin iska. A rana ta uku allura ta fara sauka kaɗan-kaɗan. Shugabanmu, Arkadi Lvovich, ya ɗauki tarhon da muke magana da na ciki.

"Gleb, kai ne ke zuƙar rabon mutum biyu? Na san cikinka, ban san har hancinka haka yake ba."

"Ranka ya daɗe, ni injiniya ne, a ƙirge nake numfashi," in ji Gleb. "Amma leƙo taga ka ga baƙuwa."

Muka leƙa. Ga Taisiya, mai kula da shuka, rungume da Bulka, ita kuwa tana lasar ƙafa ko a jikinta.

"Ni ce, Arkadi Lvovich," na ce.

Ya yi ta kumfar baki har tabaransa ya zamo. "Shekara goma sha ɗaya, Zinaida! Mun auna iskar mutum uku, uku! Gara in buɗe yau da in kwashi gawa gobe."

"Ba za ka buɗe ba," muryar Taisiya ta fito daga tarhon. "Ranar da muka kai can sama, in baki ya ƙaru, wace ƙofa za a buɗe? Ko kana tsammani 'ya'ya za su riƙa neman izininka kafin su zo? In gidan nan ba zai ɗauki wanda ba a lissafa da shi ba, to ba gida muka ƙera ba, gwangwani ne."

Arkadi Lvovich ya ɗauki alƙalami. Sannan ya ja jan layi a kan gilashin ma'aunin. "Allura na taɓa nan zan buɗe da hannuna. Ke kuma, Zinaida, ki nemi wani aikin."

Korar ba ta dame ni kamar kunyar ba. A ce ni ce na rushe wahalar mutane da kyanwar kicin! Da can har ba'a nake musu, ga ƙasa shimfiɗe har gajiya, me za a je nema inda ko ciyawa babu? Yanzu kuwa ba wanda ya kai ni son abin ya yiwu. Duk da korar, kullum sai na zo na zauna gaban ma'aunin, ba wanda ya hana ni.

Su ma ba su zauna ba. Gleb ya kwance gadonsa ya jera farantan alkama a wurin, ya koma kwana a ƙasa. Na ukunsu, likita, ya rage musu motsa jiki. Naman gwangwanin da suka shiga da shi suka raba huɗu. Allura ta sauka har saura faɗin ɗan yatsa ta taɓa jan layin, ta tsaya, da sabuwar alkama ta yi kore ta fara hawa.

Ina cikin murna, a rana ta hamsin da biyu, Gleb ya kira.

"Gwaggo Zina, barka! Kin yi jikoki biyu. Ashe da guzurinta ta shigo."

Tabɗi! Na dubi Arkadi Lvovich ina jiran tsawa. Sai ya cire tabarau ya goge. "Su shuka ƙarin aya," ya ce. "Kuma a rubuta ranar haihuwar."

Da wata shida suka cika, muka taru da burodi da gishiri, yadda muke tarbar baƙi a al'adarmu, aka kwance ƙofar. Mutum uku suka fito a rame, suna dariya, suna shaƙar warin miyar kabeji daga kicin. Na durƙusa a bakin ƙofa da guntun kifi.

"Bulka, zo mu je gida."

Ta zo ta shinshina iskar waje, ta karɓi kifin, ta juya. 'Ya'yanta biyu ko leƙowa ba su yi ba, suna can suna kokawa a cikin alkama. Ba su san wata duniya ba, kuma ba su ga abin da suka rasa ba.

Na fashe da kuka don daɗi. Arkadi Lvovich ya dafa kafaɗata.

"Ƙyale su, Zinaida," ya ce. "Ai a gida suke."