Tayoyin da Abang Zul Ya Saya

Tun daga ƙofar filin wasa na garin Ipoh, Hazirah ta ga tsayuwar motarta ta canza. Farar ƙaramar motar tana layin dubawa, a filin ajiye motocin da ƙungiyarsu ta masu gasar tuƙi ke haya duk ƙarshen wata, a jera robobi masu tsini, kowa ya zagaye su shi kaɗai ana duba masa agogo. Amma ƙafafun motar baƙaƙe ne wuluk, har da ɗan gashin nan na sabuwar roba.

Yayanta Zulhelmi, wanda take kira Abang, wato yaya da yarensu, yana jingine da ƙofar motar, yana cin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, sai washe baki yake. Asibitin da take aiki ne ya tura ta kwas Kuala Lumpur, shi ya sa ta bar masa makulli, ta ce ya wanke motar ya kawo ta fili. Abin da ta ce ke nan, ba ƙari.

"Auta, ba ki ga komai ba?"

"Abang, ina tayoyina?"

"Waɗancan tsofaffin? Kunya suke ba ni. Ƙanwata za ta ɗauki kofi da takalmin zuwa kasuwa? Taɓa ki ji. Mai shagon ya ce waɗannan kama kwalta suke kamar ƙaro."

Ba ta taɓa ba. Durƙusawa ta yi ta share gefen tayar da babban yatsa, tana neman lambar da ke nuna taurin roba. Ɗari da arba'in. Ta koma ta baya, nan ma haka.

A rukuninsu na motocin gida, dokar guda ce kowa ya haddace ta: lambar kada ta gaza ɗari biyu. In ta gaza, robar ta yi laushi da yawa, sai a cilla mutum rukunin manya, cikin motocin da aka cire musu kujeru aka ƙara musu ƙarfin inji, makinsa na shekara kuma ya tsaya inda yake. Yau ce gasar ƙarshe ta shekara. Ko ta uku ta zo a rukuninta, kofin shekara nata ne.

Kawu Subra, mai duba motoci, ya iso da tabarau a karan hanci. Ya leƙa tayar, ya leƙa fuskarta.

"Ƴata, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Kyauta ce, Kawu," in ji Zulhelmi yana buga ƙirji. "Mafi tsada a shagon."

"Lallai kuwa. Ka saya mata tikitin fita daga gasa da tsada. Da waɗannan, rukunin manya za ta shiga."

"Haba Kawu, lamba ce fa kawai. Wa zai durƙusa ya karanta?"

"Ni. Aikina ke nan, gwiwoyina ne shaida." Ya juya ga Hazirah ya sassauta murya. "Ina rufe dubawa da direbobi sun gama taka hanyar gasar da ƙafa. Kawo tsofaffin, zan jira ki."

Ita ba mai magana ba ce. A ƙungiyar ma wasu ba su san muryarta ba, sun dai san yarinyar nan mai ɗankwali ruwan toka da ke dafa tayoyinta da tafin hannu duk ta gama zagaye. Wata da watanni ta yi kafin ta zaɓi waɗancan tayoyin. Ta zauna a gefen fili tana kallon na wasu, waɗanda ke kamawa da safe su narke da azahar, da waɗanda ba sa farkawa sai sun sha wuya. Ta zaɓi masu jure kwaltar Ipoh in rana ta take, ta koyi iskar da suke so, ta san kukan da suke yi dab da su saki. Duk wannan Zulhelmi bai taɓa tambaya ba. Haka ya zaɓar mata makaranta, haka ya zaɓar mata launin ɗaki, kullum da murmushi, kullum sai an gode masa.

"Suna ina?" ta ce.

Ya sosa ƙeya. "Na kai wa surukina can garin Lumut."

"Kira shi ya kawo."

"Ai… ya riga ya rataye su a gadar jiragensa. Don kada kwale-kwale ya riƙa bugun katako."

"Ya rataye su."

"Da igiya. Ya ɗan huda su."

"Ya huda su!" Muryarta ta fita har masu jera robobi suka waiwayo. "Abang, wa ya aike ka? Wanki na ce! Ruwa da sabulu! Ko sau ɗaya ka taɓa zama a kujerar nan? Ka san me ya sa na zaɓe su? Shekara guda ina lallaɓa abina, ka zo rana ɗaya ka kai wa kifi!"

"Ke Auta, a gaban mutane? Ni fa alheri na yi."

"Riƙe alherinka. Nauyi gare shi."

Idonta ya sauka a kan motarsa, wadda matarsa ta biyo shi da ita ta ajiye a gindin bishiya. Kamfaninsu ɗaya da tata, noti huɗu-huɗu. Tayoyinta na kai yara makaranta ne, masu tauri kamar katako, amma lambarsu ta haye ɗari biyu nesa ba kusa ba.

"Ba ni makullinka."

"Me za ki yi?"

"Kyauta za ka yi mini. Wannan karon ni na zaɓa."

Ta ciro jak da sifana, ta take sifanar da ƙafa har noti ya yi ƙara. Siew Peng, wadda ke bin ta a maki, ita ce kuma za ta ci kofin in Hazirah ta faɗi, ta baro taka hanya ta jawo nata jak ɗin.

"Kada ki gode mini," in ji ta. "So nake in doke ki kina cikin mota, ba kina zaune a benci ba. Kai kuma Abang mai kyauta, matsa, kana tare mana iska."

Suka bar motarsa a kan ƙafafun ƙarfe, tsirara. Kawu Subra ya duba, ya manna mata takarda a gilashi. Sai dai an gama taka hanya, ba ta samu ta bi ta da ƙafa ba ko sau ɗaya.

Zagaye uku ake yi, a ɗauki mafi sauri. Na farko ta ɓata hanya a tsakiya. Na biyu tayoyin suka yi ta ihu tun daga kwanar farko, gaban motar yana tafiya inda ya ga dama. Ta fito ta dafa su, ta rage iska, ta yayyafa musu ruwa, ba ta kalli kowa ba. A na ƙarshe ta daina faɗa da su. Ta riƙa taka birki da wuri, tana juya sitiyari a hankali kamar mai ɗauke da miya a cinya, motar kuwa ta bi. Dab da kwanar ƙarshe ta ji a jikinta lokacin ya yi kyau, ta ƙara wuta kaɗan, irin yadda tsofaffin tayoyinta za su yafe mata. Waɗannan ba su yafe ba. Bayan motar ya goce, ta ji ɗan tim a ƙarƙashi, ta hango roba ɗaya tana birgima a madubi.

Roba ɗaya, tarar daƙiƙa biyu. Ta zo ta huɗu.

Ta tsaya aka miƙa wa Siew Peng kofi, ta tafa mata har tafinta ya yi ja. Sannan ta koma gindin bishiya. Zulhelmi na zaune a kan ɗaya daga sababbin tayoyin, rigarsa sharkaf da gumi, matarsa ta kwashe yara ta tafi a tasi. Ya buɗe baki, ta ga alamar zai ce da an bar ta da nasa da ta ci. Ta zuba masa ido. Ya haɗiye.

"Auta," ya ce can ƙasa. "Waɗancan naki… wane iri ne? Wace lamba? In je in nemo."

Tun da take, bai taɓa tambayarta irin abin da take so ba sai yau. Ta ji abin ya taɓa ta, hakan kuma ya ƙara mata haushi. Ta ajiye masa sifana a gabansa, ta shiga motarta da tayoyinsa a ƙafa, ta sauke gilashi.

"Suna rataye a Lumut, Abang. Je ka durƙusa ka karanta."