Hayaƙi a Katangar Hafsatu

Hafsatu ta daɗe tana burin tsakar gida nata na kanta. Shekarun da suka yi a gidan haya cikin Gusau, ita da mijinta Tajuddeen, igiyar shanya ma sai an jira wani ya kwashe, kuma duk wadda ta zubar da ruwan wanke-wanke, a ƙofar ɗakin Hafsatu yake zuwa ya kwanta. Don haka da Allah ya nufa suka tare a nasu gidan, can bakin gari ta hanyar Tsafe, ba ɗakunan ne suka fi tsaya mata a rai ba. Filin da ke bayansu ne.

Da bazara ta kama, ta sa aka kira Labbo magini. Ya zuba siminti a ƙasa, ya shafe katanga, ya buga mata fenti ruwan madara, ya kuma bar ramuka biyu inda ta dasa gwaiba da lemun tsami. Malamar firamare ce, kuma idan ta dawo daga makaranta takan tsaya a bakin ƙofar baya da jakarta a kafaɗa tana kallon wurin kafin ma ta cire hijabi. Da yamma, idan zafi ya hana zaman ɗaki, sai ta yayyafa ruwa a simintin, ta shimfiɗa tabarma, su zauna da 'yarsu Husna suna shan iska. Girki kuwa a ciki take yinsa, a kan gas.

Warin fentin bai gama fita ba Yaya Uwani ta iso. Ita ce yayar Tajuddeen, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da ƙuli-ƙulinta aka saya masa littattafan makaranta. A wani ƙauye bayan Kucheri take zaune, zama ya gagara saboda rashin tsaro, mutane suka watse. Ɗanta Garba ya nufi wajen Bungudu neman gonar aro, ya ce ta jira shi a Gusau har ya samu wurin da zai ajiye ta. Ta sauka daga mota da ƙullin kaya, da tukunya, da muciya, da rabin buhun dawa. Hafsatu ta tarbe ta hannu bibbiyu, ta gyara mata ɗakin baƙi, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ta yi.

Uwani ba mai zaman banza ba ce. Ta ce tunda Hafsatu na fita aiki, abincin rana nata ne. Aka nuna mata yadda ake kunna gas, wutar ta tashi buf, ta ja da baya tana salati, ta ce ita kam a bar ta da abin da ta saba. Ta zagaya ta tsinto duwatsu uku cikin ragowar kayan gini, ta kafa murhu a gindin katanga inda 'yar inuwa take sauka. Tun daga nan gidan ya cika da ƙamshin daddawa. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, faten wake, wani lokaci dambu da zogale. Tajuddeen, wanda da can yake cin abinci a shagonsa na kayan babur, ya koma rufe shago da azahar yana dawowa gida.

Hafsatu ma ci take har da neman ƙari. Amma idonta na kan katanga. Da farko wani ɗan dishi-dishi ne a saman murhun, sannan ya zama baƙi, ya miƙe sama kamar harshe har ya kusa kai bakin katangar. Simintin ƙasa ya tsage inda zafi ke dukansa. Toka ta shiga ramin gwaiba. Kullum sai ta shirya maganar da za ta yi, idan ta ga Uwani durƙushe tana tuƙa tuwo, zufa na ɗiga daga haɓarta, sai bakinta ya yi nauyi. Ta taɓa gwada wa Tajuddeen, ya ce ai fenti ne, a bari a sake.

Ana haka ƙawayenta malamai suka ce za su zo ganin gida. Ta aika aka kira Labbo wata Asabar da hantsi. Ya tsaya gaban katangar yana sosa ƙeya, ya ce zai iya shafewa, amma muddin ana hura wuta a wurin, aikin banza ne. Hafsatu ta ɗauka Uwani ta shiga maƙwabta kai niƙa. Abin da ta daɗe tana haɗiyewa sai ya fito mata gaba ɗaya.

Ta ce, "To yaya zan yi, Labbo? Wasu mutanen ko ina ka kai su, gani suke ƙauye ne. Ka kashe kanka ka gyara wuri, a zo a mayar maka da shi bukka."

Labbo ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Sai ga Uwani ta fito daga lungun da ake tara itace, da ƙirare a hannu. Ta gaishe da Labbo, ta tambaye shi iyali, ta wuce ɗaki. Hafsatu ta ce wa kanta ai kunnen tsohuwa ba ya ji sosai.

Washegari duwatsun ba sa nan. An share tokar, an wanke simintin har da goge shi. Labbo ya zo ya sake fenti, ƙawaye suka zo suka yaba, ɗaya har ta ɗauki hoton wurin ta ce irinsa za ta yi. Abincin rana kuwa bai fasa ba. Hafsatu takan dawo ta tarar da kwanuka a rufe a kan tabarma, tuwo da zafinsa, miya na ƙamshin itace. Ta leƙa kicin ta ga gas yadda ta bar shi. Ta san ba a nan aka dafa ba. Tambayar takan zo mata har bakin harshe, sai ta buɗe kwano ta ce sannu da aiki Yaya, ta ci ta tashi. A ranta ta yanke cewa wataƙila a gidan maƙwabciyarsu Hajiya Zulai ake girkin, kuma ta bar shi a haka don ya fi mata sauƙi.

Makonni suka wuce, zafi ya ƙara tsanani, irin na gab da faɗuwar damina. Wata rana aka tashi yara da wuri, ta hau keke Napep zuwa gida. Ana haƙa kwata a layinsu, sai mai keken ya zagaya ta baya ya sauke ta a wani lungu da ba ta taɓa bi ba. A bayan katangarsu akwai kango, filin wani da aka aza harsashi aka bari, ya cika da ƙaya da tsofaffin ledoji, mutanen unguwa na watsa shara a gefensa. Daga nan hayaƙi ke tashi.

Uwani ce. Ta kafa sanduna biyu ta ɗaura tsohon zani, inuwar ko kanta ba ta rufe ba. Tana tsugune a kan bulo, ta danne tukunya da ƙafa, tana tuƙi da hannu biyu. Rana ta take tsaka. Ƙudaje na tashi daga sharar suna sauka a kan faifan da ta rufe miya da shi, tana korarsu da gwiwar hannu. A ƙafarta ta dama akwai ƙuna, an shafa mata wani abu fari, fatar ta saɓule a gefe.

Hafsatu ta tsaya ta kasa gaba ta kasa baya. Ba ta ji zuwan Hajiya Zulai ba sai da ta tsaya kusa da ita, da bokitin shara a hannu. Hajiyar ta gaishe ta, ta bi inda take kallo, sannan ta rage murya. Ta ce duk matan layin sun sani, sun ɗauka ita ma ta sani. Ta ce ta yi wa tsohuwar tayin madafarta har ta gaji, ta ƙi, wai ita ta fi son fili, hayaƙi na damun ƙirjinta a cikin gida. Ƙunar kuwa miya ce ta zubo mata ranar da take zagayawa da tukunya zuwa ƙofar gaba.

"Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunanki ba," in ji Hajiya Zulai. "Wata ta ce ko korar ta aka yi, ta ce a'a, matar ƙanenta ɗiyar kirki ce."

Da ƙasa za ta tsage da Hafsatu ta shige. Ta taka cikin kangon, ƙaya na kama mata hijabi. Uwani ta ɗago, ta gan ta, ta yi saurin jan zani ta rufe ƙafar, ta ce yau an taso da wuri ke nan, ga shi tuwo bai sauka ba. Hafsatu ta ajiye jaka a ƙasa, ta ce Yaya a koma ciki, yanzu za ta kwashe duwatsun da kanta. Uwani ta ce duwatsu da zafi, wa zai taɓa su, kuma ta saba da nan. Ba faɗa a muryarta, amma ba ta kalle ta ba. Abin da Hafsatu ta iya yi shi ne ta ɗauki tukunyar miya da tsumma, ta bi doguwar hanyar da tsohuwar ke bi kullum, ta gaban gidaje, mata na leƙowa suna yi mata sannu.

Da Tajuddeen ya dawo, ta same shi a ɗaki kafin ya wanke hannu, ta faɗa masa komai, har maganar da ta yi wa Labbo, ba ta rage ko kalma ba. Ta yi zaton zai yi faɗa. Sai ya zauna a bakin gado ya cire hula ya riƙe. Can ya ce shi ma kullum yana ci, yana ganin babu murhu a tsakar gida, bai taɓa tambaya ba. Ranar babu wanda ya ci tuwon kirki a cikinsu. Da la'asar ya ɗauki yayarsa a babur ya kai ta aka wanke ƙunar aka naɗe.

Suka sake kiran Labbo. Wannan karon rumfa aka ce ya yi a kusurwar tsakar gidan, da kwano a sama da murhun ƙasa mai baki biyu. Hafsatu ta hana girkin kango, ta ce ƙafa sai ta warke, ta koma tashi da asuba tana dafa na rana a gas kafin ta fita. Uwani ba ta musa ba. Takan zauna a ƙofar ɗaki tana tsince wa Husna kai, tana kallon Labbo na kafa ginshiƙai, idan an tambaye ta ko tsayin murhun ya yi, sai ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Hafsatu ta nemi bakin ba da haƙuri ta rasa. Ta sayo mata atamfa, ta sayo man shafawa, tsohuwar ta yi godiya ta sa a ƙarƙashin filo.

Ba a kai ga ɗora kwano ba ruwan farko ya sauka, kuma bayansa Garba ya zo. Ya samu gona a Kekun Waje, ya samu ɗaki biyu a gidan wani dattijo, shuka ba ta jira. Tajuddeen ya roƙi ya bar ta ta ƙara warkewa, Uwani ta ce wa zai riƙe wa matar Garba yara idan an fita gona. Ta ɗaure ƙullinta, ta ɗauki tukunya da muciya. A bakin mota ta sa wa Hafsatu albarka, ta ce Allah ya bar zumunci. Rumfar ta tsaya haka, ginshiƙai huɗu babu rufi, kwanon na jingine a lungu. Hafsatu ta daina shimfiɗa tabarma a wurin. Ko zafi ya kai yaya, a ɗaki take zama da mafici.

Da aka yi hutun makaranta ta ce wa Tajuddeen za ta je Bungudu. Ta shiga motar haya, daga can ta hau babur zuwa Kekun Waje, gero ya kai gwiwa a gonaki. Ta tarar da Uwani a bayan ɗaki tana fama da ɗanyen itace, ruwan daren jiya ya jiƙa komai, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Suka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi mutanen Gusau ɗaya bayan ɗaya. Da matar Garba ta fita, Hafsatu ta sauko daga kujerar da aka ba ta ta durƙusa.

Ta ce, "Yaya, maganar da na yi ranar nan gaban Labbo. Na san kin ji."

Uwani ta tura itace cikin wuta. Sannan ta ce, "Na ji ta. Ba ni ɓoye miki, ta yi mini zafi. Na baro gidana ba da so na ba, ina ganin na zo gida, sai na ji ashe baƙuwa ce ni. Da kin ce mini Yaya hayaƙi na ɓata bango, wallahi da na matsa, ba komi ba ne."

Hafsatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Ta ce a yafe mata. Uwani ta ce ta yafe tun tana Gusau, sai dai mantuwa sai a hankali, ta kuma ce mata ta tashi haka nan, ƙasa da sanyi. Hafsatu ba ta tashi ba sai da tsohuwar ta kamo hannunta.

Tukunya ta fara tafasa. Can Uwani ta ɗaga kai ta dubi sama, inda hadari ke haɗuwa ta gabas, ta tambaya ko kwanon nan da aka saya yana nan ba a yi komai da shi ba. Hafsatu ta ce yana nan. Uwani ta ce to in ba za a takura ba, ko falle uku aka aiko mata sun isa, Garba zai sari itace ya kafa mata rumfar girki. Hafsatu ta ce duka za a kawo, har da ƙusoshi, jibi in Allah ya kai mu. Tsohuwar ta ce duka ya yi yawa, wurin ba shi da faɗi, ta miƙe tana ɗingishi kaɗan don ta nuna mata iyakar inda mai gidan ya ba su. Hafsatu ta tattare hijabinta ta bi ta cikin taɓo.