Murfi Talatin da Takwas

Auta ne ya kashe kifin yayansa, guda ɗari biyu a yini ɗaya, kuma girman kai ne ya sa shi. Kada kowa ya ce tsautsayi ne.

Yayan yana kiwon ƙananan kifi a bayan gida, cikin baƙin tankin roba da aka rubuta lita ɗari uku da tamanin a jikinsa. Kifin suka yi ƙuraje. Ya sayo magani, ya miƙa wa Auta tare da mabuɗin sito, ya tafi aiki.

A jikin kwalbar an rubuta murfi ɗaya ga kowane galan goma na ruwa. Auta ya dubi tanki, ya dubi kwalba, ya ce, "Talatin da takwas."

Matar yayan tana shanya a kusa. Ta ce, "Tsaya, ƙanin mijina. Kwalba ta ce galan, tanki kuwa lita ya ce."

"Ruwa dai ruwa ne, Yaya."

"Galan irin na kwalbar nan ya kusa lita huɗu, uku ne da ɗigo takwas. Raba ka gani, galan ɗari ne a tankin. Murfi goma ke nan. Yayanka ma ya rubuta da alli a bangon sito."

"Ni za a koya wa lissafi? Shekarata biyu a kwaleji fa."

"Kifin ba su da labari," in ji ta, ta ci gaba da shanyarta.

Tsakaninsa da bangon nan taku biyar ne. Bai je ba. Ya zuba murfi talatin da takwas, yana ƙirgawa da ƙarfi don ta ji. Ruwan ya koma shuɗi. Kafin rana ta take, kifin duk sun juyo ciki sama.

Da yamma yayan ya dawo. Ya leƙa tankin, ya girgiza kwalbar, ba ko ɗigo.

Auta ya ce, "Amma dai, Yaya, ƙurajen sun daina damunsu."

"Na gani."

Bai yi faɗa ba. Ya karɓe mabuɗin sito ya ba matarsa. Ya miƙa wa Auta gorar lita ɗaya da guntun alli, ya ce ya wanke tankin ya cika shi daga famfon ƙofar gida, gora ɗaya a kowane zuwa. Duk gora talatin da takwas ya ja layi a bango, ya ce "galan goma" yadda matar gidan za ta ji.

Sawu ɗari uku da tamanin ya yi. Ya ja layi goma, cikin kwana biyu.