Hawa da Baba a Kan Ƙyaure

Ruwa ya cinye gadar ƙasa, don haka direban motar da za ta kai tsohon asibiti ya ce iyakarsa titin sama, su kai masa shi can. Tsakanin gidan da titin akwai 'yar hanyar yanke ta cikin kurmi, gajeriya amma a tsaye kamar tsani. 'Ya'yan biyu suka ɓalle ƙyauren kicin, suka kwantar da mahaifinsu a kai yana numfashi da ƙyar. Likita ya faɗa musu a waya cewa kada su ɓata lokaci.

Ko yaro ya san in za a hau tudu da kaya, mai tsawo ke riƙe baya. Amma Dogo, babban ɗan, mai yankan katako, girman kai ya yi masa katutu.

"Ni ne a gaba," in ji shi.

"Yaya, ka fi ni tsawo, duk nauyin a kaina zai dawo," in ji ƙanensa Auta, tela ɗan tsurut.

"Tun da aka haife ka, ka taɓa ganina a bayanka? Ɗauka!"

Suka kama hawa. Laka na santsi, saiwoyi na harɗe ƙafa, rassa na marin fuska. Dogo yana ja kamar ingarma, ko waiwaye babu. Ƙyauren ya karkace, tsohon ya yi ta zamewa har tafin ƙafarsa ya tokare wa Auta maƙogwaro. A tsakiyar hawan Auta ya durƙusa, ƙyauren ya bugi ƙasa.

"Ragon banza! Kashe shi za ka yi?"

"Ni ne rago?" Auta ya miƙe yana haki. "Wa ke yi masa wanka? Wa ke kwashe kashinsa? Kai da ko leƙe ba ka yi, yau ka zo neman suna!"

Gaskiya ɗaci gare ta, Dogo kuwa bai iya haɗiye ta ba. Ya dire nasa gefen, ya kai wa ƙanensa naushi a baki. Wanda aka raina sai ya ba shi mamaki. Auta ya sa kai ya daki cikinsa, suka zube cikin ƙaya suna birgima. Ya gartsa masa cizo a kunne har jini ya gangaro wuya. Idon Dogo ya rufe. Ya tashi, ya shaƙe Auta, ya haɗa ƙeyarsa da bishiya, ya sake haɗawa.

Sai ya ji wani abu ya riƙe masa ƙafa ta baya. Bai duba ba. Ya kai harbi da dunduniyar takalmin aikinsa iya ƙarfinsa, abin ya sake shi.

Ihun Auta ne ya dawo da shi hayyacinsa. "Baba!"

Tsohon ya rarrafo daga kan ƙyauren don ya raba su. Ga shi kwance cikin laka, hannu a miƙe, jini na bulbulowa ta hanci da baki. Tsoro da kunya suka rufe Dogo.

"Me ya same ka, Baba?" Auta na kuka yana goge masa fuska da riga.

Tsohon ya dubi takalmin Dogo, sannan ya dubi fuskarsa.

"Dutse na buga, ɗana," ya ce. "Ku ɗauke ni."

Suka ɗauke shi. Sauran hawan da gwiwa da farce suka gama shi.

A bakin titi motar na jira, injin a kunne. Direba ya sheƙo da gudu, ya sunkuya kan tsohon, ya taɓa wuyansa, ya daɗe a haka. Daga nan ya cire hularsa, ya koma mota ya kashe injin.