Gyaran da Minista Ya Nema

Idan mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba, wani kuma ya rubuta shi daidai yadda ya fito daga bakinsa, shin mai rubutun gaskiya ya rubuta ko ƙarya? Tambayar da ta tsaya wa Baba Kunne a wuya ke nan da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, yana zaune a ɗakin masu rubuta zaman majalisa, takarda a gabansa, an kewaye wata lamba da jan biro. Da wuya a sami wanda zai amsa masa ita.

Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Kujerarsa tana ƙasan ta Kakaki, kuma duk abin da aka furta a zauren sai ya bi ta yatsunsa kafin ya shiga kundi. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Baba Kunne, wai ko ɗan majalisa ya yi tsaki a layin baya sai ya faɗi wane ne. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce, kafin a buga kundin ranar, a aika wa ofishin kowane minista daftarin amsoshinsa, a ba shi awa biyu ya gyara tuntuɓen harshe. Ana iya cire maimaici, ana iya daidaita sunan gari. Ma'ana ce kawai ba a taɓawa.

Da safiyar ranar an yi zaman tambayoyi. Ministan ayyuka ya sha tambaya a kan gadar da ta ƙi ƙarewa, na ilimi a kan kujerun ɗalibai. Daga nan wata 'yar majalisa ta miƙe, gajeriyar mace mai gilashi, wadda ta yi shekaru tana sayar da magani kafin a zaɓe ta. Uwar Tambaya ake ce mata. Ba ta ɗaga murya, shi ya sa ministoci suka fi shakkarta.

"Ranka ya daɗe Kakaki, tambayata ga Ministan lafiya ce. An faɗa mana yawan matasan da aka kama da ƙwaya bana. To, cibiyoyin da ake kwantar da su a yi musu magani, nawa ne suke aiki yau? Ba waɗanda aka gina ba. Waɗanda in uwa ta kai ɗanta gobe za a buɗe mata ƙofa."

Minista ya buɗe fayil, ya duba, ya ce goma sha biyu.

"Goma sha biyu suna aiki?"

"Goma sha biyu suna aiki."

"Na gode. Haka nake so ya shiga kundi," ta ce, ta zauna.

Yatsun Baba Kunne sun rubuta, amma ya san ba haka ba ne. Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a ɗaya daga cikin cibiyoyin, kuma wata takwas ke nan da aka garƙame ƙofar wurin. Ya san uku ne kawai suke aiki.

Yanzu ga mai taimaka wa Minista tsaye a kansa, wani dogo mai fama da jakar fata, ya soke goma sha biyu ya rubuta uku a gefe.

"Baba, duba da kyau, ba ƙarya na ce ka rubuta ba. Tsohon fayil aka saka masa. Uku ita ce gaskiya, kai ma ka sani. Gaskiyar ce za mu saka a kundi."

"Uku ita ce gaskiya. Amma ba ita ya faɗa ba."

"To kai ƙarya kake son jikokinmu su karanta?"

Baba Kunne ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Maganar ta taɓa shi, domin shi ma tun ɗazu abin da yake juyawa ke nan. In ya bar sha biyu, kundi ya ɗauki ƙarya. In ya sa uku, kundi ya ce an yi wata magana da ba a yi ba, kuma gobe in Uwar Tambaya ta nemi a dawo da Minista ya yi bayani, sai a buɗe mata shafi a ce ina laifinsa.

"Ɗana, kawo min maimaici in share maka har shafi goma. Wannan ba zan iya ba."

Ba a yi minti ashirin ba sai ga Daraktan sashen da kansa, yana share zufa. Tare suka fara aiki, shi ya sa ya ja kujera ya zauna maimakon ya aiko.

"Kunne, wata bakwai ya rage maka ka ajiye aiki. Ka bari a yi maka rakiya da mutunci mana. An ce in ba ka gyara ba, daga Litinin ka bar zaure, ka koma ɗakin tsofaffin takardu."

"Can ma ai akwai fanka."

"Babu. Ni na sa aka cire ta."

Suka yi 'yar dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Kujerar nan ta ƙasan Kakaki ita ce duk abin da Baba Kunne yake taƙama da shi a duniya, Darakta kuwa ya san haka.

"Ka sa wani ya gyara, ai kai ne babba," in ji Baba Kunne.

"Sa hannunka ne a ƙasan shafin. Kuma yaran nan duk kai ka koya musu taurin kai." Darakta ya miƙe. "Minista yana son ganinka. Ka rage tsawon harshe."

A kan matakala wayar Baba Kunne ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, wai an buɗe mana wurin aiki ba mu sani ba? Tun da aka sa maganar a rediyo mutum biyar suka kira ni. Akwai wata ma da ta ce gobe da sassafe za ta shiga mota da ɗanta, tafiyar awa shida."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kada ta zo. Ta ce ni da Minista wa ya fi sani?"

Ya mayar da wayar aljihu, sannan ya ƙarasa hawa.

Ofishin da ake ba ministoci a ginin majalisa ƙarami ne, tebur ɗaya da kujeru uku. Minista ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwandon shara, farantin abincinsa a rufe ba a taɓa ba. Likita ne kafin ya shiga siyasa, kuma a kusa ya fi tsufa fiye da yadda yake a zaure.

"Kai ne mutumin da ya fi son ƙaryata a kan gaskiyata?"

"Ranka ya daɗe, ni duk abin da aka ba ni shi nake ajiyewa."

"Wallahi ban san lambar ta canza ba. Abin da aka rubuta min na karanta."

"Na yarda. Na ga fuskarka lokacin da kake karantawa."

"To mene ne na wahalar da juna?"

"Akwai hanya, ranka ya daɗe. Za a koma zama ƙarfe huɗu. Ka nemi izinin Kakaki ka gyara da bakinka. Zan rubuta sha biyu a shafin safe, in rubuta uku a shafin yamma, kowanne a wurinsa."

Minista ya sauke ƙafarsa. "In tsaya a gaban matar nan in ce ban san abin da ke faruwa a ma'aikatata ba? Ka san abin da za ta yi da ni? Ina sauran tara ɗin, yaushe aka rufe, wa ya rufe, ina ma'aikatan. Sai ta feɗe ni har wutsiya. Ba zan yi ba."

"Za ta tambaya kam. Aikinta ke nan."

"To ka ji amsata. Ba zan yi ba."

Baba Kunne ya miƙe, ya rusuna kaɗan. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ba don ya shirya wata magana ba, abin ne kawai ya ƙi barin ransa.

"Kundin nan, ranka ya daɗe, in mutum ɗari suka karanta shi a shekara an yi da yawa. Ko na gyara, a tsakaninmu zai tsaya. Amma zaman safe an sa shi a rediyo. 'Yata tana aiki a ɗaya daga cikin tara ɗin. Yanzu take gaya min wata mata za ta taso gobe da ɗanta daga tafiyar awa shida, saboda ta ji ka ce a buɗe yake. An ce mata kada ta zo, ta ce Minista ya fi kowa sani."

Minista ya jawo farantin, ya buɗe, ya sake rufewa. Baba Kunne ya fita.

Ya koma ɗakinsu ya sa hannu a ƙasan shafin yadda yake, ya miƙa wa masu bugawa. Sannan ya buɗe aljihun teburinsa ya fara tattara 'yan kayansa a leda: kofi, maganin hawan jini, tsohon abin sauraro da waya ɗaya ta tsinke. Wata abokiyar aikinsa ta dube shi ta kawar da kai, ta ci gaba da buga abin da ba ta gani. Shi kansa bai tabbata ya yi daidai ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in ya gyara wannan, gobe wani zai zo da tasa lambar, ita kuma ba lalle ta zama gaskiya ba.

Ƙarfe huɗu aka buga ƙararrawa. Ya shiga zaure ya zauna a kujerarsa, ya shafa gefen teburin da gwiwar hannunsa ta cinye wa fenti. Ana muhawara a kan kuɗin ruwan famfo, rabin kujeru babu kowa, wani a layin baya yana gyangyaɗi. Uwar Tambaya tana wurinta, tana jan layi a wata takarda. Kujerar Ministan lafiya a wofi take.

Biyar saura kwata ƙofar gefe ta buɗe. Minista ya shigo shi kaɗai, ba fayil, ba mai jaka a bayansa. Ya zauna, ya jira mai magana ya kai aya, sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe Kakaki, ina neman izini in gyara wata amsa da na bayar da safe. Ina kuma roƙon gidajen rediyon da suka ɗauki ta farko su ɗauki wannan."

Mai gyangyaɗi ya farka. Uwar Tambaya ta ajiye biro, ta juya sabon shafi, ta gyara zaman gilashinta.

"Cibiyoyin da suke aiki yau uku ne. Tara a rufe suke. Zan faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya yi tafiyar banza. In na gama, mai girma 'yar majalisa ta yi tambayoyinta, ina nan."

Ya fara jero su a hankali, yana tsayawa bayan kowane suna kamar mai yi wa ɗalibi shifta. Baba Kunne ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsunsa, ya bi shi.