Gilashin da Gwaggo Ta Wanke

Tun daga bakin ƙofa mai yankan gilashi ya jiyo kukan Auta. Ya jingine babur, ko makulli bai zare ba, ya faɗa falo. Teburin kusurwa wayam, babu gidan tururuwar yaransa.

"Sannu da zuwa," in ji yayarsa, wadda ta zo kwana uku ga shi yau tana cikin na goma. "Na raba ku da ƙazanta. Mutum da hankalinsa ya tara ƙasa da ƙwari a falo? Wai har da ba su sukari!"

Gidan tururuwar nan aikin wata huɗu ne. Shi ya yanka gilasai biyu a shago, ya haɗa su da katako, ya bar faɗin yatsa a tsakani, yara suka cika da ƙasa. Mako biyu suka yi suna bin gindin katanga bayan ruwan sama kafin su samo uwar tururuwa, don in babu ita gidan ba ya tsayuwa. Kullum da safe Auta yakan ɗiga musu ruwa da auduga. Babbar 'yar kuwa, wadda ake kira Shiru don ba ta buɗe baki a aji, takan zana sababbin ramuka a littafinta. Gobe za ta tsaya gaban makaranta ta yi bayani a kansu. Ita da kanta ta ɗaga hannu ta nema, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, ina kika zubar?"

"Wajen shara mana, ina kuma? Gilashin ma ashe mai kyau ne, kuka ɓata shi."

Ya kuwa gani. Ta ɓalle katakon, ta wanke gilashin tas, ta ɗora kofin shayinta da burodi a kai kamar faranti. Zuciyarsa ta tafasa. Ko tambaya babu! Gidan mutane, kayan yara, a ɗauka a zubar, sannan a zauna ana jiran godiya! Amma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shekara arba'in bai taɓa ce mata a'a ba. Matarsa na bakin kicin tana masa kallon nan da ya sani.

Ya fita ya tarar da Shiru durƙushe gaban shara da cokali, tana tone ƙasa kaɗan-kaɗan, tururuwa na cizonta ko a jikinta. Ya durƙusa kusa da ita. Suka yi ta tono har rana ta sunkuya. Ramukan dai sun tafi. Amma ƙarƙashin wani fasasshen bokiti sai ga uwar, baƙa, ƙatuwa, ƙanana sun kewaye ta da fararen ƙwai a baki.

Shiru ta sa ta a kwalin ashana, ta wuce falo. Ya bi ta.

"Gwaggo," ta ce, da murya har kicin, "ɗauke kofinki. Gidansu ne. Gobe zan kai su makaranta."

Gwaggo ta saki baki. Ta juyo ga ƙanenta. "Kana ji 'yarka tana min rashin kunya, ka yi tsaye?"

"Na ji, Yaya," ya ce.

Ya sunkuya ya ɗauke kofin, ya ajiye mata a ƙasa, ya kakkaɓe ɓurɓushin burodin. Sannan ya ce wa Auta ya ɗauko guduma da katakon.