A Bayan Babur Zuwa Garin Gana

Shekara biyu da rabi na yi a Potiskum ban ga Inna ba. Garinmu, Garin Gana, yana can bayan duwatsun da ke gaba da Gadaka, inda mota ba ta shiga. Jaki yana shiga, mai ƙafa yana shiga, sai kuma babur ɗin maigidana.

Shi malamin dabbobi ne. Duk bayan damina yakan ɗaure akwatin allura a gaban babur, ya bi rugage cikin duwatsu mako biyu ko uku, ya dawo wandonsa duk ƙarangiya. A kakar 1973 ƙanwar Inna, Goggo Delu, ta zo asibiti ta biyo ta gidanmu. Ta ce idon Inna yana dushewa, sai abu ya zo kusa take gane shi. Ni kuwa ina so ta gan ni tun tana iya gani.

Kwana huɗu ina juya maganar kafin na faɗa masa, ina zuba masa ruwan wanke hannu.

"Hanyar ba wasa ba ce," in ji shi. "Amma ki shirya. Abu ɗaya, Mairam: kika faɗi ko sau ɗaya, Gadaka zan mayar da ke wurin Yaya Fanne, ki jira ni a can."

Na ce to.

Ranar tafiya na hau a kaikaice saboda zani, ƙullin goro da sabulu a cinyata. Ya ce, "Riƙe ni." Maƙwabta suna tsaye a ƙofar gida suna yi mana Allah ya kiyaye hanya. Ban taɓa kai hannu jikinsa a gaban mutane ba, sai na riƙe ƙarfen ɗaura kaya na baya. Da muka fita gari ba kowa, amma na riga ban riƙe shi ba, na ga in na fara yanzu sai ya tambaye ni dalili.

A Gadaka muka kwana. Washegari muka bar titi muka shiga burtali, daga nan burtalin ma ya ƙare, sai tsakuwa da busassun rafuka. Birai suna zaune a kan duwatsu suna kallonmu. Malam yana tuƙi yana yi mini bayani ta kan kafaɗa: yadda ake rage giya kafin hawa, yadda ba a taka birki cikin rairayi. Ina cewa to. Can ya daina jiran to ɗin.

Wajen hantsi muka zo wani hawa mai tsayi. Ya murɗa wuta, gaban babur ya ɗaga, sai na ji ni zaune a ƙasa, ƙullina yana nan a cinya kamar yadda yake. Na ce, "Malam," da muryar da nake kiransa in abinci ya nuna. Ya haye tudun. Ina hangen kansa yana juyawa gefe, bayani bai ƙare ba.

Na duba jikina. Gwiwar hannu ta ɗan goge, takalmi ɗaya ya tsinke. Na cire ɗayan na bi sawun taya.

Rana ta kusa tsakiya na ji ƙarar babur yana dawowa. Ya tsaya, ya kashe, ya daɗe yana kallona.

"Har rugar Bubayaro na kai," in ji shi. "Na ce masa yau da iyali na zo, a ba ta ruwa. Ya leƙa bayana, ya ce, 'Malam, ka sha rana, sauka ka huta.' Tun yaushe?"

"Tun hawan can."

"Hawan can? To da wa nake magana duk wannan hanya?"

Ya buga kujerar baya da tafin hannu.

"Hau. Gadaka."

Na ɗora ƙullin a ka, na wuce shi, na ci gaba da bin sawun taya. Ya tayar da babur ya biyo ni a hankali, yana jan ƙafa a ƙasa.

"Mairam, wuni guda ne a ƙafa. Ba ki da takalmi."

"To."

Muka yi nisa a haka. Wani rafi muka tarar, na tsallake, shi ya sha wuya kafin ya fito da babur. Ya share gumi ya ce, "Na janye maganar Gadaka. Amma sai kin riƙe ni."

"Za mu bi ta ruga. Akwai mutane."

Ya kalli sama, ya kalli ƙullin kaina. "Akwai wani zani a ciki?"

Akwai. Muka hau babur, ya zagaya shi ta bayana ya kawo gaba, ya yi ƙulli a ƙirjinsa. Na ce masa ba haka ake goyo ba, zai kwance. Na gaya masa yadda zai soke bakin zanin, ya yi, ya ƙara ƙulli biyu don kansa. A rugar Bubayaro bai tsaya ba, hannu kawai ya ɗaga. Ni na rufe ido.

Bayan la'asar muka shiga Garin Gana. Inna tana zaune a gindin tsamiyar ƙofar gida tana ɓare gyaɗa. Malam ya kashe babur, ya yunƙura zai sauka ya durƙusa ya gaida surukarsa, ƙullin zanin ya ƙi. Gumi da jijjiga sun ɗaure shi tam. Ya cire takalmi yana zaune, ya sunkuyar da kai iyakar yadda zanin ya bar shi, ya fara gaisuwa.

Inna ta taso tana amsawa. Ta shafa zanin, ta bi shi da hannu har ta kai kaina. Ta kama haɓata ta juyo da fuskata wajen rana, ta matso har ina jin numfashinta.

"Mairam ce," in ji ta. "Kin yi kumatu."

Wata maƙwabciya ta ce bari ta kawo wuƙa a yanke ƙullin.

"Bar su tukuna," in ji Inna, ba ta saki haɓata ba. "Hasken nan wurin ya fi mini."